Cikin sati 26 ya zube a Jos, wurin aiki a Ingila na neman takarda

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Manchesta ya rubuto cewa maiɗakinsa ta je ganin gida a Jos da cikin sati 26, naƙuda ta taso, yaron bai zo da rai ba, aka rufe shi a ranar. Asibiti sun ce ɓari ne, sun sallame ta da katin magani kawai. Yanzu wurin aikinta na neman shaida kafin su ba ta hutun haihuwa.

Malam, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mai ceto ne, ya ba ta lafiya.

Matsalarku tana cikin lissafin sati. A asibitocin Najeriya sai ciki ya kai sati 28 ake rubuta cewa an haifi jariri ba rai, ƙasa da haka ɓari ne. A Ingila iyakar sati 24 ce. Naku ya faɗa tsakani: a Jos ɓari, a dokar Ingila haihuwa. Kuma haihuwar ce ke ba ta hutu har sati 52, da kuɗin hutu na sati 39 in ta cika sharuɗɗan daɗewa a aiki. Kai ma kana da hutun uba in ka cika naka sharuɗɗan, sannan kowannenku na da hutun sati 2 na rasuwar ɗa, wanda za a iya ɗauka cikin sati 56. Don haka takardar da ta ce "ɓari" kawai, ba adadin sati, cutar ku za ta yi.

Tun tana Jos ta koma asibitin da lambar fayil ɗinta, ta nemi rahoton likita a takarda mai kan asibiti. A rubuta ranar da abin ya faru, satin cikin da lamba, cewa an haife shi ba numfashi, sai sunan likita, sa hannu da hatimi. Ta haɗa da katin awo da hoton sikanin na farko, don shi ya fi tabbatar da kwanan ciki. Ku duba sunan da kyau. Sau da yawa ƙanwa ko uwa ce ke yankar kati cikin ruɗewa, ta ba da sunan da ake kira a gida, "Ummi" ko "Mami", alhali fasfo na ɗauke da wani. A gyara yanzu, ko a yi rantsuwar kotu cewa mutum ɗaya ce. In ta riga ta karɓi fom ɗin MAT B1, wato takardar shaidar ciki, daga ungozomarta a Ingila, wanda ake bayarwa bayan sati 20, ta miƙa shi tare da rahoton.

Ku tambayi ungozomar da ta karɓi haihuwar abu ɗaya: ya yi kuka ko numfashi, ko na minti ɗaya ne? In ya yi, zance ya canza. Haihuwa ce da rasuwa, kowacce da rajistarta a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa wannan aiki. Malamanmu ma a kan kukan suke gina hukuncin salla da gado.

Ofishin rajista na Ingila ba zai yi rajistar abin da ya faru a Jos ba, kada ka ɓata lokaci a can. Takardar tunawa da ɓari da gwamnati ta fara bayarwa a Ingila a 2024 kuwa ta cikin da bai kai sati 24 ba ce, kuma ba ta jawo hutu ko kuɗi.

In wurin aiki suka yi shakkar rahoton, a kai shi Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tantance. Amma ku fara tura musu hoton rahoton ta imel, ku tambaya a rubuce ko ya wadatar, kafin wani ya kama hanyar Akwanga zuwa Abuja.