Me ya sa ƙarin jari kaɗan-kaɗan ba ya ɗaga kasuwanci?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a gida a Gusau, ina zuwa sari Kantin Kwari sau ɗaya a wata. Jarina naira 300,000 ne. Duk bayan wata uku ina kwasar adashin 50,000, wanda maigida ke zuba mini, in ƙara a kai. Shekara biyu ke nan jarin bai motsa ba. Ina sayen turmi a kan 10,000, in sayar 11,500. Tafiya tana cin 30,000, ina cire 25,000 a wata don hidimar gida, kusan 5,000 kuma na maƙalewa a hannun masu bashi. Ina matsalar take?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Kin kyauta da kika kawo lissafi dalla-dalla, domin amsar tana cikin alƙaluman da kika bayar. Kayanki suna da riba, kuma ba ɓarna kike yi ba. Matsalar ita ce kasuwancinki yana da wani mataki da sai jari ya haye shi kafin ya fara girma da kansa, ke kuma kina ƙasa da shi.

Mu fara da kuɗin da ke fita ko kin sayi turmi goma ko ɗari. Mota da dako da abinci 30,000, gida 25,000, bashin da ba ya dawowa 5,000. Jimla 60,000 a wata. Kowane turmi yana ba ki 1,500. Ki raba 60,000 da 1,500, za ki sami 40. Ashe sai kin sayar da turmi 40 a wata kafin jarinki ya tsaya cik, bai ƙaru ba bai ragu ba. Kuɗin turmi 40 da na tafiya ya kama 430,000. Wannan shi ne matakinki.

Da 300,000, bayan kin ware kuɗin tafiya, turmi 27 kike iya ɗauka. Ribarsu 40,500, wato duk wata akwai giɓin 19,500, kuma daga cikin uwar kuɗi yake fita ba tare da kin lura ba, tunda kullum ciniki yana shigowa hannu. Ranar da kika kwashi adashi jarin ya koma 350,000: turmi 32, riba 48,000, giɓi 12,000. Wata na biyu turmi 30, giɓi 15,000. Wata na uku turmi 29, giɓi 16,500. Kafin kwasa ta gaba kin dawo wajen 306,000. Adashin nan cike giɓi yake yi. Kamar rijiya ce da ruwanta ke gaba goma: wanda ya haƙa gaba bakwai ya tsaya, ƙasa ta rufta, ya dawo ya sake haƙa bakwai, zai shekara yana aiki bai ga ruwa ba. Da a ce jarin ya kai 500,000 lokaci guda, turmi 47 za ki ɗauko, riba 70,500, rarar 10,500 ta hau kan jari, wata mai zuwa ki ƙara turmi guda, haka abin zai riƙa hawa.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara a kan ko irin wannan mataki gaskiya ne. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Bangaladash. A 2007 ƙungiyar agaji ta BRAC ta raba wa mata mafiya talauci kadara, yawanci saniya, sai Clare Balboni da Oriana Bandiera da abokan aikinsu suka bi diddigin gidaje kusan 6,000 da suka amfana har shekara 11, suka wallafa sakamakon a 2022. Sun gano cewa gidan da kadararsa, idan an haɗa da saniyar, ta haura kimanin taka 9,300 (kuɗin Bangaladash) yakan ci gaba da tara dukiya, wanda kuma bai kai ba yakan zame ya koma baya. Kadarar da aka ba kowa kusan darajarta ɗaya ce. Bambancin yana ga ɗan abin da gida ya riga ya mallaka, kamar amalanke ko rumfar dabba, wanda ke sa saniyar ta yi amfani.

Akwai wani gwaji a Gana da ya fi kusa da halinki. An ba ƙananan 'yan kasuwa a Akara da Tema sidi 150, wasu tsabar kuɗi a hannu, wasu kuma aka raka su aka saya musu kayan sana'a da kuɗin. A cikin mata, waɗanda ribarsu ta ƙaru sosai su ne masu ɗan ƙarfin kasuwanci tun asali da aka ba su kaya. Tsabar kuɗi ba ta ɗaga ribar mata ba, domin takan bi hidimar gida. Saboda haka duk ranar da kuɗi ya shigo miki da sunan jari, kada ya kwana uku a ɗaki, ki mai da shi atamfa.

Sai dai kada ki ari alƙalamin wani. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na jami'ar Harvard sun ce ƙasar da bashinta ya wuce kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasarta takan faɗi warwas, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, da malamansa biyu suka gano kuskure a jadawalin lissafin, kuma bayan gyara ba a ga wani rami a daidai kashi 90 ba. Idan manyan masana za su iya zana layi inda babu shi, to mai ce miki "sai da miliyan ɗaya ake sana'ar atamfa" ma kada ki ɗauka. Matakinki daga littafinki zai fito, kuma yana canjawa duk lokacin da kuɗin mota ko farashin turmi ya canja, don haka ki sake lissafin duk wata uku.

To mene ne abin yi? Abin da zai fara zuwa rai shi ne a tara adashi uku a zuba gaba ɗaya. Ban ba ki wannan shawara ba. Wata tara za ki jira, jarin kuma yana zubar da kusan 20,000 ko fiye duk wata, kafin 150,000 ta taru abin da ya tsiyaye ya fi ta. Rance ma yana da tarko: idan kika karɓi 130,000 da za ki biya cikin wata shida, ko da babu ruwa a kai, kin ɗora wa kanki kusan 21,700 a wata, matakin ya tashi daga turmi 40 zuwa 55. Kuɗin da zai yi miki amfani shi ne na wanda zai shigo a raba riba, ko bashin ɗan'uwa mai dogon wa'adi.

Hanya mafi sauƙi a wurinki ita ce ki sauko da matakin, kuma kuɗin tafiya ne wurin farawa. Bayan shekara biyu kina sari, ya kamata a ce akwai mai shago ɗaya ko biyu a Kwari da kuka saba. Ki zaɓi kaya ta WhatsApp, ki tura kuɗi, a ba direban tasha ya kawo miki. A ce hakan ya ci 8,000 a maimakon 30,000. Kuɗin da ke fita a wata ya koma 38,000, matakin ya sauko turmi 26, wato jarin 268,000, kuma kin riga kin wuce shi. Da 300,000 ɗinki turmi 29 za ki ɗauka, riba 43,500, rara 5,500, daga nan adashin ya zama ƙari na gaske. Inda ake samun matsala a nan wuri biyu ne: kala a waya takan bambanta da ta ido, kuma akan sauya kaya da mai kama da shi. Ki nemi bidiyon da aka ɗauka a hasken rana, ya nuna tambari da lambar zane, ku yi yarjejeniyar mayar da abin da bai yi ba tun kafin ki tura kuɗi, ki kuma riƙa zuwa da kanki duk wata uku ko huɗu don ganin sabon yayi.

Idan kika haɗu da mata biyu ko uku masu irin sana'arki kuka yi sari tare har aka rage muku 500 a turmi, ribar ta zama 2,000, ko da kina tafiyar da kanki matakin ya sauko turmi 30. Bashi kuma ki sa masa ƙa'ida: rabin kuɗi a hannu, wadda ba ta gama biyan na baya ba ba ta ɗaukar sabo.

Abu na ƙarshe da za ki duba kafin ki nemi ƙarin jari shi ne yawan masu saye. Duk lissafin nan ya ginu ne a kan cewa kayan suna ƙarewa cikin wata. Ki ƙirga turmi nawa ke saura a akwati ranar da za ki sake sari, wata uku a jere. Idan babu saura kuma ana tambayar abin da ya ƙare, kasuwarki za ta ɗauki ƙari. Idan kullum biyar ko shida na kwantai, to masu sayenki ba su kai turmi 40 ba, kuma aikin da ke gabanki shi ne neman ankon biki da na suna, inda oda ɗaya kan ɗauke turmi 15 ko 20 da kuɗinta a hannu.