Sai mun yanki lasisi kafin mu ɗora tafsiri a Facebook?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ke kula da shafin masallacinmu, inda muke ɗora tafsiri da huɗuba. Wani ya ce in ba mu biya ya yanko mana lasisin NBC (hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya) ba, za a rufe shafin a kama mu. Hankalinmu ya tashi, ga azumi ya matso.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ku ba shi ko sisi, ɗan damfara ne. Sashe na 10 na dokar NBC ya ma hana ta bai wa ƙungiyar addini lasisin gidan rediyo ko talabijin, to me zai yanko muku? Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba ku 'yancin yaɗa addininku, na 39 kuma ya ba ku na isar da saƙo. Abu ɗaya za ku bincika: wasu jihohi na tantance masu wa'azi, kamar yadda Neja ta sanar a 2025. Wannan tantancewar malaminku ta shafa, ku tabbatar da matsayinsa.

Inda nake jiye muku tsoro daban ne, wato maganar nan ta "ai ni ɗorawa kawai na yi". Kullum ita ke jefa samari a hannun 'yan sanda. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wanda ya aika saƙo yake nema, da wanda ya sa aka aika. Mai riƙe da wayar kenan, kai kenan. Gyaran 2024 ya taƙaita kashin farko na sashen ga batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tada fitina ko jefa rai cikin haɗari, amma hukuncin na iya kaiwa shekara uku a gidan yari. Rubuta "kamar yadda aka turo" ba ya wanke kowa. Sashe na 45 na tsarin mulkin kuma ya yarda a taƙaita 'yancin saboda zaman lafiya, don haka faɗin "wa'azi ne" kaɗai bai isa kariya ba.

Mafi haɗari shi ne guntun bidiyo na daƙiƙa 30 da aka datse daga karatun awa biyu, aka liƙa masa kanun tunzuri. Ku adana cikakken faifan kowane zama da kwanan watansa. Masu ikon ɗorawa kada su wuce biyu. In malam ya kama sunan wani da zargi, ku dakata da ɗorawa har lauya ya saurara. In gayyatar 'yan sanda ta zo, ku je da lauya, kada ku goge komai.