Musu, Inkari, da Dattijon da Ya Ce "Lahiya Lau Nike"

Wata 'yar'uwa daga Talata Mafara ta aiko da tambaya. Likita ya ce mahaifinta yana da ciwon suga, amma tun da suka dawo gida sai ya cusa takardar gwajin a ƙarƙashin buzun sallarsa, yana shan shayinsa da sukari cokali uku, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce "lahiya lau nike." Tana so ta san sunan wannan hali: musu ne, ko inkari, ko ƙarya? Kuma ko ya dace ta ce masa "in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba"?

'Yar'uwa, fara cire ƙarya daga lissafi. Maƙaryaci ya san gaskiya sarai, wani yake son ya ɓatar. Baba kuwa kansa ya fara ɓoye wa.

Musu yana buƙatar mutum biyu. Ni na ce an ga wata, kai ka ce ba a gani ba, mun yi musu ke nan. Shi ya sa ake cewa "ja-in-ja". Inkari kuma Balarabiyar kalma ce, tushenta ɗaya da "munkari", da sunayen Munkar da Nakir. Ta shigo mana ta bakin malamai da alƙalai, kuma har yau a kotunan shari'a na Zamfara za ki ji ana cewa hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya yi inkari. Kishiyarta a can ita ce iƙirari, wato amsa laifi, ko da yake 'yan jarida sun ja iƙirari ta koma nufin da'awa. Wannan ma magana ce ta wata rana.

A ganina inkari ta fi kusa, sai dai a nan alƙali da mai ƙara da wanda ake ƙara duk zuciya ɗaya ce. Masana halayyar ɗan'adam suna kallon abin a matsayin garkuwa: labari ya yi wa rai nauyi, sai zuciya ta ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Anna Freud, ta yi bayaninsa a 1936, likita Elisabeth Kübler-Ross kuma a 1969 ta sa shi a farkon abin da majinyaci kan shiga in an gaya masa mummunan labari. Ni dai nakan ce "inkarin zuci", don "yaudarar kai" tana da ƙanshin zargi.

Ba mutum ɗaya kaɗai yake yin sa ba, gari guda ma yakan yi. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ana niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar mai ɗauke da dalma tana sauka inda yara ke rarrafe. A wasu ƙauyuka an yi ta cewa zazzaɓi ne, wasu ma suka ɓoye mace-macen don tsoron kada a hana haƙar da ake ci da ita. Wace uwa ce za ta amince nan take cewa abin da ya kawo shinkafa gidan shi ne ya ɗauke ɗanta?

Karin maganar kuwa, kada ki yi masa ita. An yi ta ne don mai kunnen ƙashi, wanda ya ji ya gane ya yi biris. Baba tsoro ne ya kama shi, kuma 'ya ba ta jifan uba da irin wannan zance. In ya ce tawakkali ya yi, wannan ma wata kalma ce daban, domin mai tawakkali yakan amsa cewa ciwon yana nan, ya sha magani, sannan ya bar wa Allah sauran. Ki nemi amininsa ko limamin unguwarku, wanda in ya ce masa "ranar wanka ba a ɓoyon cibi" zai yi dariya ya ɗaga buzun.