Faifan da ya zo cikin kwalin firinta

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni me ya sa na dage sai ta manhajar da ta zo da firinta za ka wanke hotunan mutane, alhali ana iya danna hoto a tura shi kai tsaye. Lokacin magariba ta gabato, ban samu na ba ka amsa yadda ya kamata ba.

Firinta ba ta san takardar da ka sa mata ba sai ka faɗa mata, kuma a cikin manhajar nan ake faɗa. Wannan tamu, Epson L805, tawada shida take sha: baƙa, ruwan ɗorawa, shuɗiya, ja, sai shuɗiya da ja masu haske. Waɗannan biyun na ƙarshe su ke sa fatar mutum ta fito sumul, inuwar kumatu ta sauka a hankali. Idan ka sa takarda mai sheƙi ka bar saitin a kan takardar rubutu, hoto zai fito a koɗe, har da layi-layi a goshi. Idan ka juya, ka sa takardar rubutu ka ce mai sheƙi ce, sai ta jiƙe sharkaf ta lanƙwashe. Duk biyun asarar tawada ce, kuma ka san nawa ake sayar da kwalba a Beirut Road yanzu.

Sai batun yanka, wanda ya fi damuna. Takardar hoto mai inci 4 da 6 ta fi hoton waya tsawo, don haka dole wani gefe ya tafi. Idan kuma ka zaɓi marar baki, manhajar tana ɗan faɗaɗa hoton don kada farin layi ya rage a gefe. Da wata ƙaramar Sallah na wanke wa wani dattijo hoton da ya ɗauka da jikokinsa a Ƙofar Kudu, ban duba ba, saman rawaninsa ya yanke. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon hoton, ya biya, ya tafi. Har yau abin yana raina. Saboda haka kullum ka buɗe wurin dubawa kafin ka tura, ka ja hoton da hannunka har hula ko ɗaurin ɗankwali su shigo ciki.

In ka riga ka gyara kala a Photoshop, manhajar gyaran hoto, kashe gyaran da firinta ke yi da kanta. Gyara biyu a kan hoto ɗaya shi ke mai da fuska jajawur.

Hunturu kuma yana tafe. Ƙura da bushewar iska suna toshe bakin tawada. Kowace safiya ka buga gwajin layukan nan da ke nuna ko bakin tawada ya toshe, a takardar rubutu guda. In sun fito cif, ci gaba da aiki. In akwai giɓi, ka sa firinta ta wanke kan da ke fesa tawada sau ɗaya, ka sake gwaji. Kada ka yi ta wankewa a jere, domin tawadar da ta tafi soson ciki take zuba, kuma in ya cika injin zai tsaya sai an kai shi gyara.

Da dare ka kashe ta da maɓallinta kafin a kashe janareto, kan ya koma mazauninsa ya rufu, sannan ka lulluɓe ta da ƙyallen nan. Gobe akwai fasfo na maniyyata uku. Kai za ka jera su, ina tsaye a bayanka.