Amsa ga mai tambaya a kan wayar haƙori: wace iri za a sa wa yarinya?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki cewa haƙoran 'yarki mai shekara 13 sun hau kan juna, likita ya ce a sa mata waya, ke kuma kin ji akwai iri-iri kin rasa zaɓi. Ni na sa, ina da shekara 27, na yi wata 22 da ita a baki.

Duk aikinsu ɗaya ne. Ana matsa haƙori a hankali, ƙashin da ke gefen da ake turawa ya riƙa zaizayewa, sabo ya tsiro a inda ya baro. Shi ya sa ba a yi masa gaggawa. Yawanci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, wani ya kai uku.

Ta ƙarfe ita na sa. Ana manna ɗan maɓalli a kan kowane haƙori, a ratsa waya ta cikinsu, a ɗaure da 'yan robobi. Duk bayan mako 4 zuwa 8 a koma a ƙara ɗaurewa. Kwana ukun farko bayan kowace ɗaurewa, wallahi ko burodi ban iya gatsa, kunu da fate suka riƙe ni. Ƙarfen yana goge cikin kumatu har ya yi gyambo, amma akwai kakin da suke bayarwa a liƙa a wurin. Rake, aya, kilishi, gasasshiyar masara, tauna ƙashin kaza, duk sai ta yi musu sallama. Na taɓa gwada gyaɗa a wajen biki, maɓalli ya ɓalle, na biya kuɗin sake mannawa. Amma ita ce mafi sauƙin kuɗi, mafi ƙwari, kuma tana iya haƙoran da suka cakuɗe sosai.

Akwai mai fararen maɓallai kalar haƙori. Daga nesa ba a cika ganinta ba, sai dai ta fi tsada, ta fi saurin fashewa, kuma robobinta na ɗaukar launi. Miyar manja da shayi sun isa su mayar da su rawaya. Akwai kuma wadda ake mannawa ta bayan haƙora, ba a ganinta sam, amma tana damun harshe, masu yinta ba su da yawa.

Sai wadda ake yayi yanzu, robar nan garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, irin su Invisalign na wani kamfanin Amurka. Ana cirewa a ci abinci, ana canza sabuwa duk mako ɗaya ko biyu. Sharaɗinta a sa ta awa 20 zuwa 22 kullum. Ɗan yayata ya yi ta. Ya cire a makaranta ya naɗe a takarda, aka share da shara, sau biyu. Tsakani da Allah, ga yarinya 'yar 13 ni ta ƙarfe zan zaɓa, don abin da ba ya ciruwa ba a mantawa da shi, sai fa in likita ya ga wani dalili.

Tun da ba ta gama girma ba, kada ki yi mamaki in ya ce sai an fara da na'urar buɗa ganɗa saboda muƙamuƙin sama ya matse, ko ya ce za a cire haƙori don a samu fili. Hoton haƙora da awo ne za su nuna. In tana da wushirya kuna son ta, ki faɗa tun farko, don su rufewa suke yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan an cire. Za a ba ta abin riƙe haƙora, ritena suke ce masa, ko na cirewa da ake kwana da shi, ko siririyar waya a manne ta ciki. Na sa nawa wata shida na ce ai an gama. Shekara biyu ba ta cika ba haƙorina na ƙasa ɗaya ya karkace ya koma gidan jiya, ritenar ma ta ƙi shiga. Yanzu haka nake da shi.

Ki tabbata ƙwararre a fannin jera haƙora ne zai yi, asibitocin koyarwa suna da su. Ki guji masu sa wa 'yan mata ta ado a shago. Ki tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da zuwa ɗaurewa da ritena. Sannan goge baki bayan kowane cin abinci, da ɗan siririn buroshin da ke shiga ƙarƙashin waya, wannan ke za ki tsaya a kanta, in ba haka ba dasashi ya kumbura, ranar cirewa ki tarar da fararen tabo zagaye da inda maɓallan suka zauna. Allah ya ba ta sauƙi.