Shawarar Lauya: Kwamitin masallaci ya ce in tashi daga gidan marayu saboda zan yi aure

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Sumaila, ƙanena ne yake rubuta mini wannan saƙo. Mijina ya rasu shekara 5 da suka wuce, ya bar mini 'ya'ya 4, maza biyu mata biyu, autar tana ciki a lokacin. Da zama ya gagara a gidansu, kwamitin masallacin Juma'armu ya saka mu a wani gida da wani bawan Allah ya bayar don marayu. Duk kaka ana ba mu gero da dawa daga zakka, ƙananan biyu kuma suna wuni a Islamiyyar masallacin ana ba su abincin rana, ni kuma in fita sana'ata. Na sayar da awakina na ƙara ɗaki ɗaya na sa kwano. Yanzu wani ya fito nemana da aure. Da kwamiti ya ji, sai suka cire sunanmu daga masu karɓar hatsi, suka ce in tashi kafin azumi. An ce mini wanda ya daɗe a gida har ya yi gini, gidan ya zama nasa, kuma zakka haƙƙina ce. Gonar mijina tana hannun yayansa. Zan iya kai kwamitin kotu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari. Amsata ta ginu ne a kan labarinki kaɗai. Idan kwamitin ya zo da takarda ko shaidu, wasu wuraren za su iya sauyawa.

Zan fara da abin da ba zai yi miki daɗin ji ba. Gidan nan bai zama naki ba, kuma ina roƙonki kada ki maimaita wannan magana a gaban kwamiti ko alƙali. Inda aka tsinto ta shi ne abin da fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Kano ke aiki da shi, ke kira hauzi. Mutum ya riƙe gida ko gona shekara 10, yana rushewa yana ginawa, yana cewa nasa ne, wanda ke iƙirarin mallaka kuma yana gari yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to galibi ba a sauraron ƙararsa daga baya. Ke shekararki 5. Ko da 30 ce ma, hauzi ba ya amfanar wanda aka san asalin shigarsa da aro ne, ko haya, ko izini. Da bakinki kika ce kwamiti ne ya saka ki, kuma duk gari ya shaida.

Idan kuwa gidan wakafi ne, wanda ake kira hubusi, maganar ta ƙara nisa. Wakafi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Wanda ke ciki zama kawai yake da shi. Sai dai wannan ƙa'ida ba ke kaɗai ta ɗaure ba. Kwamitin ma ba su ne masu gidan ba, masu kula ne, kuma mai kula ba ya ƙirƙiro sharaɗin da mai wakafi bai gindaya ba. Saboda haka tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce: me bawan Allahn nan ya ce ranar da ya bayar da gidan, kuma su wa suka ji?

Idan cewa ya yi don marayu, to zaman na 'ya'yanki ne, ke kina ciki ne a matsayin mai renonsu. Aurenki ba ya cire yaro daga maraici, balaga ce ke cire shi. Malamanmu sun tafi a kan cewa wanda aka zaunar a gidan wakafi ba a fitar da shi don kawai a saka wani, matuƙar siffar da aka ba shi gidan dominta tana nan, sai in akwai sharaɗi ko ya yi ƙaura. A nan kina da abin faɗa, mai nauyi ma. Amma idan cewa ya yi don matan da mazansu suka rasu har su yi aure, wannan sharaɗi ne ingantacce, kuma da zarar an ɗaura, kwamitin yana da gaskiya. Akwai ta uku: mai yiwuwa ba wakafi ba ne sam, aro ne. To ko aro, idan aka sa masa iyaka, misali aka ce zauna har yaran su girma, a mazhabarmu mai bayarwa ba ya warwarewa kafin lokacin ya yi. Ki zauna ki tuna kalmar da aka faɗa ranar da aka miƙa miki mukulli, da dattawan da ke tsaye a wurin. A maganar dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwa, kuma wakafi yakan tabbata da abin da ya daɗe da shahara a bakin mutanen gari. Idan mai gidan yana raye, ko 'ya'yansa suna nan, su za a fara tambaya.

Ɗakin da kika gina bai ba ki gidan ba, amma ba lallai kuɗin awakinki ya tafi a banza ba. Wanda ya yi gini da izini a wurin aro yana iya neman diyya, wani lokaci abin da ya kashe, wani lokaci ƙimar kayan kawai, wato kwano da katako da ƙofa, gwargwadon lokacin da aka tashe shi. A gidan wakafi kuwa, ginin da mai shi bai bayyana cewa nasa ba ne yakan bi wakafin. Don haka ki bayyana tun yanzu a gaban shaidu. Maginin da ya yi aikin da wanda ya sayi awakin su ne hujjarki. Kada dai ki sa rai da kuɗi mai yawa.

Batun hatsi ya fi rauni. Gaskiya ne talakawa da miskinai suna cikin kashi 8 da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, amma wannan bai sa buhun bana ya zama bashin da kike bin kwamiti ba. Rabon zakka yana zama na mutum ne bayan ya shiga hannunsa, kafin nan mai rabo yana da damar duba wanda ya fi buƙata. Da wuya alƙali ya tilasta a saka sunan wane a jerin masu karɓa. Inda maganar ke bambanta shi ne idan wani manomi ya kawo damminsa ya ce na marayun wane ne, to wannan amana ce, dole ta isa. Abincin rana da wunin yara a Islamiyya ma haka yake, alheri ne da mai yi zai iya tsayarwa. Ko gwamnati, sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci samar wa jama'a muhalli da abinci, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta irin waɗannan manufofi. Abin da doka ta tsaya wa yaranki a kai shi ne karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta a makarantar gwamnati, bisa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004.

Duk da haka ban ga dalilin saurin da kwamitin ya yi ba. Aure ba a ɗaura ba. Ko an ɗaura, sabon miji cinki da mazauninki ne a wuyansa, shari'a ba ta ɗora masa ciyar da agola ba. Yara huɗun nan yadda suke jiya haka suke yau, kuma mutanen da ke riƙe da amanar marayu ya kamata su fi kowa sanin haka.

Akwai abin da nake so ki sani kafin ki doshi kotu. Uwa ta fi kowa haƙƙin renon 'ya'yanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaran ba kuma ta tare, galibi renon yakan koma ga mahaifiyarta, sannan sauran mata na ɓangarenta, kafin a zo ɓangaren uba. Shari'a idan ta yi zafi, dangin miji za su iya tayar da wannan magana. Sai dai a cikinta akwai mafita. Idan mahaifiyarki tana raye kuma tana da ƙarfi, a nemi kwamiti ya bar yaran a gidan tare da kakarsu. Sharaɗin marayu ya cika, reno ya tafi inda shari'a ta kai shi, ke kuma ki yi aurenki ba tare da fargaba ba.

Yanzu ga layin da kika rubuta a ƙarshe kamar ba komai ba, alhali shi ne haƙƙin da kotu za ta iya ƙwato muku. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma shekara 5 kuna jiran mudun zakka alhali mai yiwuwa kuna da gona. Idan gonar ta mijinki ce, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, kina da tumuni, wato kashi 1 cikin 8, wanda za ku raba in kina da abokiyar zama. Iyayensa, duk wanda ke raye ranar rasuwarsa, yana da sudusi, wato kashi 1 cikin 6. Sauran na yara ne, namiji rabon mata biyu, har da autar da aka haifa bayan rasuwa. Yayan mijinki ba shi da ko taki ɗaya, domin ɗa namiji yana kore 'yan'uwan mamaci. Kasancewarsa baffa bai mai da shi mai kula da dukiyar marayu kai tsaye ba, wannan na wasiyyi ne, wato wanda mahaifinsu ya yi wasiyya ya kula da su, ko wanda alƙali ya naɗa. Ana ma iya tambayarsa amfanin da ya kwashe na damunan da suka wuce, ko da yake ban cika son a fara da wannan ba in ana neman zaman lafiya. Idan gonar gandu ce da ba a raba ba tun daga mahaifinsu, sai a fara fitar da kason mijinki. Rashin takarda ba ya kashe gado a karkara, maƙwabtan gona da mai unguwa sun san iyaka.

Shawarata, kada ki kai kwamitin ƙara yanzu. Kwamitin da ba shi da rajista, sai dai a kira mutanensa da sunayensu, ga kuɗin mota, ga ɗage zama, ga zaman gari ɗaya da mutanen da yaranki ke wuni a hannunsu. Ki ɗauki ƙanenki ko wani dattijo daga danginki ku je wurin mai unguwa da limamin Juma'a, in bai yiwu ba dagaci, sannan hakimi. Ofishin Hisba na ƙaramar hukuma yana sasanta irin wannan, haka ana iya kai koke Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa da dokar 2003. Abin da za ku nema a zaman: a faɗi sharaɗin gidan a fili, a mayar da sunan yaran cikin masu karɓar hatsi da sunansu ba da naki ba, a ƙimanta ɗakin, kuma in tashi ya zama dole a ba da lokaci har bayan an raba gado. A rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, ki riƙe naki kwafin.

Maganar gona kuma a yi wa yayan mijinki tayin rabo cikin mutunci ta hannun dattawa. In ya ƙi ko ya yi ta jan ƙafa, kotun shari'a mafi kusa da ku tana raba gado, ba dole sai da lauya ba. Idan kafin a gama wani ya zo zai ɓalle ƙofa ko ya fitar miki da kaya, kada ki yi faɗa. Ki kira shaidu, ki sanar da mai unguwa a ranar, ki nemi kotu ta dakatar da su har a saurari kowa.