Amsar da na ba Kawu a kan karatun Auta a ƙasar waje

Salamu alaikum jama'ar gida. Kawu barkanku da dare, ya gajiyar kasuwa? Ku yi mini aikin gafara, tun azahar na ji saƙonku, ina wurin aiki ne, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na bari sai da yara suka kwanta. Muryar za ta ɗan yi tsawo, wanda datarsa ba ta da yawa ya bari sai da safe.

Ga waɗanda ba su saurara ba, Kawu ya ce sakamakon WAEC na Auta ya fito da kyau, wani ejan ya same shi a shago ya ce zai samo wa yaron gurbin karatun likita a waje, shi ne yake tambaya wane irin kwasa-kwasai ake samu a can, kuma wace ƙasa ce ta fi. Goggo ma ta sa baki saboda 'yarta mai son aikin jinya.

To Kawu, kwas dai babu wanda babu. Likitanci, haɗa magunguna, injiniyanci iri-iri, kwamfuta, noma, tattalin arziki, shari'a, harsuna, tuƙin jirgin sama, duk akwai, in dai da kuɗi a hannu kafin sati ya zagayo za a turo muku takardar gurbi mai tambari ja. Ni ba wannan ke damuna ba. Abin da nake so ku fara tambaya shi ne, ranar da yaron nan ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da takardarsa a jaka, wa zai duba ta ya ce ya yarda? Domin kusan kowane kwas yana da mai gadinsa a nan gida, kuma ejan ba zai taɓa ambata muku mai gadin ba.

Bari in fara da likitancin tunda shi ne a gabanmu. Duk wanda ya karanta likita a waje, ko a wace ƙasa, ba zai taɓa majinyaci a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci, MDCN. Sai ya ci ta za a ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara guda na horo a asibiti, sannan bautar ƙasa. Jarrabawar nan ba wasa ba ce. Akwai abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a Khartoum, shi yana likitanci ni ina tattalin arziki, yaro mai ƙwaƙwalwa wallahi, sai a zama na uku ya tsallake. Shekara biyu yana gida ana ce masa dakta, shi kuwa ko allura ba shi da izinin yi. Abin da ya gaya mini shi ne, ba littafi ke kayar da mutane ba, hannu ne. Wasu makarantun suna ɗibar ɗalibai fiye da gadajen da ke asibitin koyarwarsu, wasu kuma majinyacin ba ya jin yaren ɗalibin, ɗalibin ba ya jin nasa. Ana koyar da kai da Turanci a aji, ka shiga ɗakin marasa lafiya a Sin ko Rasha, tsohuwa tana gaya maka inda ke mata ciwo da yarenta, kai kuwa kana tsaye kamar an dasa ka. Shi ya sa ɗalibanmu suka daɗe suna son Sudan da Masar, ɗan Larabcin Islamiyya yana ɗaga mutum, ga cututtukan Sudan kusan irin namu ne, zazzaɓin cizon sauro, taifot, sikila.

Sai dai kun ga abin da ya faru. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, ana cikin azumi, aka kwaso yaranmu a motoci zuwa iyakar Masar, suka kwana da kwanaki a sahara kafin a bar su su shiga, wasu ta Port Sudan aka fito da su. Akwai 'yan aji biyar, saura ƙiris su gama. Kafin wannan, a Fabrairun 2022, haka aka yi da ɗalibanmu da ke Yukren, kuma hukumar likitoci ta fito ta ce ba ta karɓar likitancin da aka ƙarasa ta intanet. Karatun likita shekara shida ne, wani wurin bakwai in aka haɗa da shekarar koyon yare. Saboda haka in za ku zaɓi ƙasa, ku duba wadda kuke kyautata zaton za ta zauna lafiya tsawon wannan lokaci, kuma aljihunku zai jure. Ku tuna kafin watan Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a banki ba, a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin makarantar bai ƙaru ko sisi ba a can, amma uban da ke biya daga Kwari ko Singa ya ga ya ninka uku. Na san gidaje biyu da suka dawo da 'ya'yansu daga aji uku, aka koma rubuta JAMB.

Abin da za ku yi wa ejan ɗin nan, ku ce ya ba ku cikakken sunan jami'ar da garin da take. Ni zan duba ko tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya, sannan mu tambayi hukumar likitoci da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. In ya fara kewaye-kewaye, ya ce a fara biyan rabi tukuna, to kun ji amsarku.

Goggo, taku a taƙaice: aikin jinya ma haka ne, akwai hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, sai an yi musu zaman sabawa da jarrabawa kafin rajista. Haɗa magunguna ma da tasu hukumar. Ni a ganina yarinya mai shekara 17 ta yi jinyarta a nan kusa da ku, ta samu lasisi ta yi aiki, in ma fitar ce daga baya ta fi sauƙi da lasisi a hannu, Saudiyya da Ingila duk suna ɗaukar ma'aikatan jinya.

Yauwa, ina muka tsaya... to, ɓangaren addini da Larabci. Nan kam fita tana da riba ta gaske, domin malaman da ɗakunan karatun suna can. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana da tsangayar Alƙur'ani, Hadisi, Shari'a, Da'awa da Usuluddin, da ta Larabci, kuma daga baya sun ƙara injiniyanci da kwamfuta da kimiyya, mutane da yawa ba su san wannan ba. Kyauta ne karatun, da ɗaki da ɗan alawus da tikiti, wanda Larabcinsa bai nuna ba ya fara da ma'ahadin koyon yare. Marigayi Malam Ja'afar Mahmud Adam can ya yi. Azhar kuma ta Alƙahira ta haura shekara dubu, kuma tun gyaran 1961 tana da likitanci da injiniyanci ban da tsangayoyin addini, amma shigarta sai an daidaita takardar sakandarenka da tasu, abin da suke kira mu'adala. Mai WAEC zalla ba ya faɗawa kai tsaye. Ga kuma na kusa da gida waɗanda muke rainawa, Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, da ta Mbale a Yuganda, duka ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce ta kafa su.

Amma a nan akwai tarko ɗaya. Yaro ya karanta Shari'a da Ƙanun, wato dokar ƙasa, a ƙasar Larabawa, ya dawo yana zaton zai sa baƙar riga ya shiga kotu. Dokar Masar tsatson ta Faransa ce, tamu kuwa ta Ingila muka gada. Ko wanda ya karanta lauya a Ingila sai ya je makarantar horon lauyoyi ta Bwari ya yi kashi na ɗaya da aka ware wa 'yan waje, sannan ya haɗu da 'yan gida a kashi na biyu. Wanda ke son zama lauya mai sanin shari'ar Musulunci, ga Bayero ga ABU Zariya suna haɗa biyun a digiri ɗaya. Me zai kai shi nesa?

Injiniyanci da kwamfuta su ne na fi sakin jiki da su in an ce waje, saboda kayan aiki. Injiniya zai yi rajista da hukumar injiniyoyi, COREN, daga baya, ɗan kwamfuta kuwa aikin hannunsa ne ke magana, ba wanda zai tare shi da jarrabawa kafin ya fara cin abinci. Turkiyya tana da tallafin gwamnati, ana buɗe shi wajen Janairu zuwa Fabrairu, mutum da kansa yake cikewa a intanet ba ko kwabo, sun biya makaranta, ɗaki, inshorar lafiya, tikiti da alawus. Sharaɗin digirin farko kada ka kai shekara 21, maki kashi 70 cikin ɗari, likitanci da haƙori da magunguna kuwa kashi 90, kuma dole ka yi shekara guda kana koyon Turkanci. Auta, kana ji ko? Wannan kai za ka zauna ka cike, ba Baba ba. Jamus kuma yawancin jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin karatu, shi ya sa ake ta yaɗa ta a Facebook, amma ba a faɗa muku sai ka ajiye kusan Yuro dubu 12 a rufaffen asusu na kuɗin zaman shekara guda kafin biza, kuma digirin farko galibi da Jamusanci ne. Ingila digiri shekara uku ne, amma galibi mai WAEC sai ya yi shekarar share fage, kuɗin kuwa kada ma mu tayar wa Kawu da hawan jini da daren nan.

Ni abin da ya amfane ni, kun sani, digiri na biyu ne da na yi a Maleshiya a harkar kuɗi ta Musulunci. A wannan fanni sun yi mana nisa, babban bankinsu ma ya kafa jami'a sukutum don shi, INCEIF, ga Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa a Gombak, da Turanci ake koyarwa, abinci halal, masallaci ko'ina. Lokacin da bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012 masu wannan ilimin ƙalilan ne, yanzu ga bankunan TAJ da Lotus ga sukuk na gwamnati, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa. Ka ga kwas ɗin da aka je aka ɗebo abin da babu a gida ke nan. Da a ce lissafin kuɗi na yau da kullum na je karantawa, da asarar tikiti na yi.

Tuƙin jirgi, tunda na san Yaya Babba zai tambaya: lasisin da makaranta ke bayarwa somin-taɓi ne, kamfani yana son ƙarin horo a kan takamaiman samfurin jirgin da za ka tuƙa, shi ma kuɗi ne mai kauri daban, ga awannin tashi da ake ƙirgawa. Kuma muna da kwalejin Zariya tun 1964.

Wani abu da iyaye ba su lura da shi ba, manyan tallafin karatu kusan duk na digiri na biyu ne da na uku. PTDF na fannin mai da gas da makamashi, Chevening na Ingila mai neman gogewar aiki ta shekara biyu, na Kwamanwel, har wanda gwamnatin Kano ta dawo da shi a 2023 zuwa Indiya da Yuganda, masu digirin farko mai daraja ta ɗaya aka nema. Na musayar ɗalibai da gwamnatin tarayya ke yi da Rasha, Maroko, Hangari da sauransu, wanda ke ɗaukar 'yan digirin farko, a 2025 aka sanar da dakatar da shi. Ma'ana yaron da ya zauna a Bayero ya fito da sakamako mai kyau, ƙofofin waje sun fi buɗe masa a kyauta fiye da wanda aka sayar da gona dominsa aka tura tun yana ɗan 17.

Sannan don Allah, duk wanda ya ce muku digiri a Kwatano cikin shekara ɗaya da rabi, ku ba shi ruwa ya sha ya kama gabansa. Kun tuna ɗan jaridar Daily Nigerian da ya sayi digiri cikin sati shida har ya shiga bautar ƙasa da shi? A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo saboda wannan. Yanzu duk wanda ya yi karatu a waje sai ya kawo takardar tantancewa daga Ma'aikatar Ilimi, da fasfo mai nuna hatimin shiga da fita na shekarun karatun, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kafin a ba shi kaki.

Saboda haka Kawu, ni shawarata, kada ku ba ejan ko naira tukuna. Auta ya turo mini hoton sakamakon WAEC da makin JAMB ta lambata, ba a nan zauren ba, ya kuma gaya mini tsakaninsa da Allah ko shi ke son likitancin ko don ya ji ana faɗa a gida ne, domin ranar sunan nan na ga shi ya kwance injin janareto ya mayar. Fasfonsa ma a fara nema tun yanzu, saboda tallafin Turkiyya in an buɗe ba ya jira. Ranar Asabar in sha Allahu zan shigo bayan la'asar mu zauna. A gaida su Inna. Sai da safenku.